Ranar da Na Hau Turmin Sarauniya Marka

Abin nan ya faru bayan shekarar da ƙyanda ta shigo garinmu ta kwashe yara, kafin babbar yunwar da ta ƙarar da shanu. Lokacin ba a zuba kwalta a hanyar Gazawa ba. In ka ji ƙugin mato, to ranar kasuwa ce, kuma sai yara sun raka ta da gudu har bakin gulbi. Ni kuwa na fara ɗaura zane a ƙirji ke nan, ina kai tallar fura, ina ɗaukar babban tulu ba mai aza mini. Abin da ya tuno mini da shi, watan jiya na ga magina sun zuba siminti sun rufe tsohuwar rijiyarmu, wai akuya ta faɗa ciki. Na tsaya ina kallonsu har suka wanke hannu. Yanzu ruwa daga famfo yake fitowa, rana ce ke jawo shi ta wasu baƙaƙen faranti, yarinya ta jera bidodinta, wato jarkokin roba, ta zauna tana latsa waya har su cika. Ban ce ba daɗi ba, don bayana bai manta abin da guga ta yi masa ba. Amma na tambayi 'yan matan da ke wurin ko sun san Marka, sai ɗaya ta ce ko wadda ke sayar da awara ce.

Rijiyar nan tana da zurfi. In ka saki guga sai ka gaji da sauraro kafin ka ji ta taɓa ruwa. Igiya ta ci gungumen da ke bakinta har ya yi zane-zane kamar fuskar Bagobiri, kuma in ana ja yana wani kuka da ake ji tun daga masussuka. Tantabaru na kwana a cikin bangonta, guga ta farko ita ke tashe su. Safiya ta mata ce. Da rana ta take, sai makiyaya su karɓa, su ɗaura wa bijimi doguwar igiya ya ja wasaki, wato babbar gugar fata, su juye a komi shanu su sha. Haka aka saba, ba wanda ya tsara, ba wanda ya ƙi.

Ita Marka sarauniya ce ta labarin garinmu. Liman ya ce ba a taɓa yin ta ba, ni ma ban ce an yi ta ba, amma kowace yarinya ta san ta kamar yadda ta san gwaggonta. Wai a zamanin da gulbinmu ke da ruwa rani da damana, da kada da kifi a ciki, akwai ɗiyar wata mai saƙar tabarma, kyakkyawa, mai ɗaga kai. Wata rana tana yankan kaba sai wani dogon mutum ya yi mata sallama, duk inda ya taka sai wurin ya jiƙe. Ashe Gulbi ne da kansa ya zo neman aure. Bai kawo lefe ba, ludayin azurfa kawai ya ba ta, ya ce duk inda ta nuna da shi ruwa zai bi. Sharaɗinsa ɗaya: kada ta taɓa mayar da mai ƙishirwa. Da ludayin nan ta ja ruwa zuwa gonaki, ta ja shi har ƙofar tsofaffi, mutane suka taru suka ce ita ce sarauniya. Wannan ta ba ta munduwa, waccan ta ba ta zane, wani ya ɗinka mata takalmi. Tana da aminiya Bafulatana da ke kawo mata nono kowace safiya, tana da wa wanda ta mai da shi na hannun damanta, tana da uwarta da ta ƙi barin saƙar tabarma duk da sarautar ɗiya.

Wan nan nata shi ya fara shiga kunnenta. Ya ce shanun baƙi na dagula ruwa. Ta sa aka yi shingen ƙaya, aminiyarta ta zo da garke aka mayar da ita. Daga shanu aka koma jakunan fatake, daga fatake aka koma mutanen ƙauyukan nesa. Gulbi yana kallo, sai dai ya rage cin tuwonta. Rannan uwarta ta komo daga yankan kaba mai nisa, ƙura ta rufe mata fuska, masu tsaron shinge ba su gane ta ba suka kore ta, ta kwanta gindin shingen ta cika. Da gari ya waye Marka ta ga shimfiɗar mijinta a bushe. Ya nutse ƙarƙashin rairayi, shi ya sa har yau sai an haƙa da nisa ake iske shi. Ta nuna ludayi gabas, ta nuna yamma, ba ko ɗigo. Wan nata shi ya fara gudu. Mutane suka zo kowa ya karɓe abin da ya ba ta, suka kora ta cikin busasshen gulbi, ta ɗaga hannu biyu tana kiran miji har ta ƙafe ta zama goriba. Iya Tabawa, tsohuwar da ke shugabantar matan garinmu, takan nuna mana goribar da ta rabu biyu a sama ta ce, "Ku dube ta da kyau, ku masu tafiya kuna kallon sama."

To, in an yi shibka ruwa ya ɗauke, maza sukan fita bayan gari su yi sallar roƙon ruwa. In an jira shiru, sai mata su yi nasu, wasan Marka. A kife turmi a bakin rijiya, a zaɓi yarinya, kowane gida ya ara mata abu guda na ado, ta hau turmin tun da asuba da ludayi a hannu. Daga nan har la'asar ba mai jan ruwa. Kowace mace ta zo da tulu ta durƙusa ta roƙa, Sarauniya ta hana ta, ta haɗa mata da baƙar magana, kuma ba a riƙe maganar Sarauniya a zuci. Da la'asar a tuɓe mata kayan aro, a kora ta da ganyen kaba har cikin gulbi. Akwai ƙa'ida biyu. Wadda gari ya waye ya iske ta bisa turmi ita ce Marka, ba mai sauke ta sai la'asar. Sannan ita da duk mutanen gidansu ba su ƙara taɓa igiyar rijiya sai ruwan sama ya sauka. Wannan ba wani nauyi ba ne, maƙwabta ke ɗebo musu, har wasu gidaje kan yi murna don matansu sun samu hutu.

A shekarar da nake faɗi, hatsi ya tsiro ya kai tsawon ɗan yatsa, sai sama ta washe. Ganye ya nannaɗe. Rijiya ta ja baya har guga na fitowa da laka, in makiyaya suka shayar da rana, sai an jira dare kafin ta taru. Ruga ɗaya ce a wajen garinmu, ta Baffa Juli, kuma ɗiyarsa Hajo ƙawata ce ta ƙawance na gaske, wanda aka ƙulla da goro a gaban iyaye. Ranar salla in kai mata tuwon shinkafa, ita ta kawo mini man shanu a ɗan ƙoƙo. Hausarta a karkace take, ni kuwa ban bar ta ta huta da tsiya ba, ita ma tana ce mini mai wuyan tulu. Shanunsu a lokacin sun rame, ƙashin baya duk a waje, wata saniyar in ta kwanta sai an taru an ɗaga ta. Ciyawa ba ta fito a arewa ba balle su tafi, kuma rijiya mafi kusa da za ta karɓe su tafiyar yini ce a cikin rana.

Muna daka a gindin gawo Iya Tabawa ta zo tare da Delu, matar maigari, ta ce jibi za a yi Marka, kuma bana an ga ya kamata a girmama baƙi, ɗiyar Juli ce za ta hau turmi. Mata suka yi guɗa. Ban taɓa jin an ba 'yar ruga turmin nan ba, amma da farko haushi kawai na ji, don ni na daɗe ina son hawansa, kuma kowa ya san ba yarinyar da ta kai ni baki a garin. Na koma gida ina ƙunƙuni. Innata tana ɗaki tana jego, ba a daɗe da yin sunan ƙanena ba, kakata ta wajen uba tana tsaye kan wankanta safe da yamma, da tafasasshen ruwa cike da babbar tukunya da ganyen runhu. Na ce, "Inna, wai Hajo suka ba, ita da ba ta san ko sunan rabin matan garin ba." Inna ta gyara wa jaririn kwanciya ta ce, "Ke dai ba ki da hankali sai baki. Gida ana ɗebo masa tulu biyu, uku. Wa zai ɗebo wa garke?" Ta ce, "Maza sun ji kunyar ce wa Juli ya tashi, shekara nawa yana zuba musu taki a gona. Sai suka bar wa mata."

Na tafi ruga da yamma na iske Hajo tana wanke ƙwarya da toka. Ta riga ta sani. Ta ce, "Ƙawa, Baffa ya ce in an gama wasa mu ɗaure kaya." Na ce, "Ki ƙi mana." Ta ce, "Mu baƙi mu ƙi girma? Sai a ce mun raina gari, mu tashi da zagi. Gara mu tashi da guɗa." Na ce shanun za su kai? Ta dubi inda suke kwance, ta ƙirga da ido. Sai ta ce, "Koya mini zagin da zan yi, kada in hau in yi shiru su yi mini dariya."

Ban koya mata ba. Ranar wasan, tun kafin ladan ya yi kiran farko na ɗauki ludayin furar Inna na fita. An kife turmin tun daren jiya. Na hau na zauna, na naɗe ƙafa, sanyin asuba na kaɗa ni. Gari na fara haske sai ga su tafe da guɗa, Iya Tabawa a gaba, Hajo a tsakiya an lulluɓe ta, mata na ɗauke da kayan aro a faifai. Guɗar ta mutu tun daga nesa. Delu ta ce, "Ke ɗiyar wa ce? Sauka nan, mara kunya!" Na ce, "Wa ke magana da Sarauniya a tsaye?" Wata ta fashe da dariya ta toshe baki. Iya Tabawa ta matso har ina jin warin tabar da ke bakinta, ta ce a hankali, "'Yar nan, uwarki na jego. Kin san abin da kike jawo wa gidanku?" Na ce, "Na sani, Iya. Mace ɗaya gari na iya ɗebo mata." Sannan ta juya ta dubi gabas, ta ce wa mata, "Gari ya waye ya iske ta. Ni ban iya canja abin da na tarar ba. Ku sa mata kaya."

An sa mini saƙi mai baƙi da fari, da murjani har ƙirji, da mundaye tun daga wuyan hannu har gwiwa, da 'yan kunnen Delu da kanta, don ita ce mai na azurfa a garin, ta saka mini su tana huci. Aka rangaɗa mini kwalli. Na yi sarauta rannan, ba na kuma jin kunyar faɗi, tsofaffi sun ce ba su ga Marka irin tawa ba. Mai koko ta durƙusa na ce ta koma ta tace kokonta, ruwan da ke ciki ya ishi unguwa. Matar wanzami ta zo na ce mijinta ya fara aske gemun akuyarsu tukuna, don ta fi shi kwarjini. Hajo ta zo da ƙwaryarta, ta durƙusa kamar yadda aminiyar Marka ta yi a labari, ta ce, "Ranki ya daɗe, nagge na jin ƙishi." Na nuna ta da ludayi na ce, "Ruwan da kike zuba wa nono kina sayar mana, ki tatso shi ki ba ta." Har Iya Tabawa sai da ta riƙe ciki. Hajo ta tashi tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Da Delu ta zo, ta ɗan rusuna kawai, ba ta kai gwiwa ƙasa ba. Na ce, "Ƙasa." Ta kai. Na ce, "Matar maigari, mai rufe ƙofa in tuwo ya nuna. Ba ni da ruwanki. Kuma ki kai wa mazan garin nan saƙo: mai son korar baƙo ya naɗa rawaninsa ya je ya kore shi da bakinsa, ya bar ɓuya a bayan zanen 'yan mata." Nan ba wadda ta yi dariya. Ana jin kukan tantabaru a cikin rijiya.

Da la'asar aka zo tuɓe ni. A al'ada a hankali ake yi, ana waƙa, kowa ta zare abinta. Rannan fizga aka yi. Delu ta ja ɗan kunnenta ya tafi da nama, kunnena na hagu har yau a tsage yake, duk mai so ya zo ya gani. Kabar ma da ake ɗan kaɗa wa yarinya a baya, ni da gaske aka zuba mini ita. Na yi gudu da zane ɗaya har tsakiyar gulbi, rairayi na ƙona tafin ƙafa, na ɗaga hannu biyu na yi kiran da ake yi, "Gulbi mijina, komo gida, na sare shinge." Jini na bin wuyana, amma ban yi kuka ba, kuma sai da na ƙare kiran har ƙarshe.

An ce ba a riƙe maganar Sarauniya. Tawa an riƙe. Washegari gwaggona kaɗai ta kawo tulu ɗaya, na sha da girki. Babana ya leƙa randa ya dube ni ya ce, "To, ranki ya daɗe, sai ki nuna ta da ludayi ta cika." Kakata kuwa ba ta da bakin wasa. A wurinsu mai jego in ta tsallake wanka sanyi ya shige ta ke nan, ta kumbura, kuma ta ga waɗanda hakan ya kai kushewa. Ta zauna gaban busasshiyar tukunya tana cewa, "Kin kashe uwarki don shanun wasu." Inna daga ɗaki ta ce, "Bar ta, Kaka, ban mutu ba tukuna." Wankan safe ya wuce ba a yi ba. Na zaga gida uku na roƙa, kowace ta ce bayanta na ciwo, ɗaya ma ta ce ai Sarauniya ba ta roƙo.

Rana ta take muka ji gungumen rijiya na kuka, alamar makiyaya sun karɓa. Can sai ga sallama a ƙofar gida. Baffa Juli ne da sandarsa a kafaɗa, bayansa jaki biyu ɗauke da salka cike da ruwa, Hajo da uwarta kowace da tulu a kai. Babana ya fita, ya rasa inda zai sa idonsa, don shi ma yana cikin waɗanda suka zauna a ƙofar maigari aka yi shiru aka bar wa mata. Ya ce, "Haba Juli, ai da ba ka wahala ba." Baffa ya ce, "Bijimi ya ja, ba ni ba. Ina tukunyar mai jego?" Ashe wasakin farko, mai ruwa garau kafin laka ta taso, shi ya juye mana, shanu na tsaye suna kallo. Haka ya yi kullum, da rana ya kawo na yamma da na safiyar gobe. Kakata ta tafasa, ta tsoma runhu, ta fyaɗa wa Inna har tururi na fita ta saman danga, ba ta kuma ce mini komai ba sai ranar da ta miƙo mini ƙoƙon kunun kanwa ta ce, "Sha, mai tsagaggen kunne."

Ruwa bai zo da wuri ba. Ya daɗe har wasu suka sake shibka, kuma tsohuwar saniya ɗaya ta Baffa ta kwanta ba ta tashi ba. Sauran sun kai. Ranar da hadari ya haɗo daga gabas ya zuba, ba wanda ya ce albarkar Marka ce ko ta sallar maza, kowa ya ɗauki kwashe ya nufi gona. Da ciyawa ta fito, mutanen ruga suka yi arewa kamar yadda suka saba, da kaka suka komo suka sauka a gonar babana. Wasan kuwa bai daɗe ba bayan ni. Malamai suka ce ba shi da asali a addini, 'yan mata suka shiga lakol, wato makarantar boko, Iya Tabawa ta rasu ba wadda ta karɓi ludayin.

Delu ta mutu ba ta taɓa amsa gaisuwata da sakin fuska ba, amma ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Babana, Inna, Baffa Juli, duk sun riga mu, Allah ya jiƙansu. Cikin waɗanda suka ga ranar nan saura mu uku. Akwai ni. Akwai Hajo, tana wajen Cadawa gidan ɗanta, idonta ya tafi amma ta muryata take gane ni tun daga ƙofa. Sai ƙanena, jaririn nan, wanda yanzu gemunsa ya yi fari, yana da shago a Gazawa da gona a bakin gulbi. Bara ya zo yana faɗa, wai zai sa a hana makiyaya shayarwa a famfon unguwarsu. Na bari ya gama, na ce masa da ruwan rugar Juli aka wanke masa cibi, kuma da shi uwarsa ta tashi daga jego. Ya ce shi bai tuna ba. Na ce ai ba kai aka tsaga wa kunne ba.